Kwamfutar da Ke Kwana a Babban Ɗaki

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Kwamfutar ta ƙi. Na danna maɓalli, 'yar shuɗiyar fitilar ta kama, fanka ta yi fuu kamar za a yi abin kirki, kafin in gyara zaman tabarau ta mutu. Na sake dannawa, haka. Na yi ta dannawa har matata Paraschiva ta ce in bar ta ta huta, ba jaki ba ce.

Yau ce ranar da ɗanmu Valeriu yake kira daga Verona ta ƙasar Italiya mu ga jikarmu Ilinca. Don wannan kaɗai ya kawo mana kwamfutar a watan Agusta, kuma ban taɓa wulaƙanta ta ba. A babban ɗaki take kwana, tare da hotunan waliyyai da dardumomin auren Paraschiva, inda ba a shiga da takalmi, ba a hura wuta, ba hayaƙi ba maiƙo. Da tawul mai ado nake lulluɓe ta. Sai za a yi kira nake ɗauko ta in kawo teburin kicin, kusa da murhu.

"Tashi mu je gidan Pantelei, tsoho," in ji Paraschiva. "Tasa tana aiki."

Pantelei shi ne uban Stela, matar Valeriu. Tsohon direban bas ne, matarsa ta rasu, layinmu ɗaya da shi. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya aiko a kira ni. Ni da na tsufa ina gyaran rediyo da talabijin na ƙauyen nan da na kewaye, ba zan je in zauna a kicin ɗinsa don in ga jikata ba. Na ce mata gobe zan gyara.

Litinin, 13 ga Janairu, da hantsi

Na cire batir, na danne maɓallin na jima, na sa caja kaɗai. Ta kama, ta mutu. Na ɗauko tsohuwar mitata ta auna wuta daga rumfa na auna cajar, wuta na fita daidai yadda aka rubuta a jikinta. Na mayar da batir na cire caja. Haka dai. Da talabijin ce da tuni na ji ƙaurin abin da ya ƙone na bi shi da hanci. Wannan kuwa ba wari, ba zafi, ba ƙara, mutuwarta kawai take yi cikin ladabi.

Paraschiva na son teburin za ta murza ƙullin burodi, sai na naɗe ta na mayar babban ɗaki. Sanyin makon nan ya wuce wasa, ruwan bokitin baranda ya daskare har ƙasa.

Laraba, 15 ga Janairu, bayan cin abincin dare

Tsohuwar ta tafi gidan Pantelei ba ni. Wai gishiri za ta aro, gishirin da muke da rabin buhu a ɗakin ajiya. Ta dawo hannu wayam, fuska cike da fara'a.

"An rage wa Ilinca gashi," ta ce. "Ta iya wata waƙa da Italiyanci. Ta ce a gaishe ka."

"Ita ta ce, ko ke kika ƙara?"

Ta rataye gyalenta ta wuce wajen murhu.

Ashe kullum Stela take kiran ubanta. Kullum. Mu daga Lahadi sai Lahadi, shi kullum, kuma bai taɓa faɗa ba. Muna haɗuwa a shago yana tambayata ciwon gwiwa alhali daren jiya an yi masa waƙa. Abin ya tsaya min a rai har na kasa ƙarasa shayina.

Na tambaye ta ko ta ga Valeriu. Ta ce yana wajen aiki. Daga nan ta juya ta kama wanke tukunyar da ta riga ta wanke da safe.

Juma'a, 17 ga Janairu, da safe

Ta kama, ta mutu. Na kira Valeriu a waya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, ƙarfe bakwai na yamma

Yau aka tsarkake ruwa a coci. Paraschiva ta dawo da kwalbarta, ta yayyafa wa ɗakuna, ta yayyafa wa kaji, ta nufi kwamfutar. Na tare ƙofa. Ta ce to in ba zan bari a yi mata magani ba, in sa hulata mu tafi. Na sa.

"A'a, suruki, yau kai ne a gidanmu?" in ji Pantelei. "Shigo, shigo. Likitan rediyo da kansa. Yaya mara lafiyar?"

Na ce tana samun sauƙi. Ya zuba min giyar inabinsa, wadda tsaminta kowa ya sani.

Na ga tasa kwamfutar. A kan firji take zaune, kusa da kwandon burodi, ɓurɓushi cike da tsakanin maɓallanta, fuskarta duk shatin yatsu masu maiƙo. Ya sauko da ita da hannu ɗaya kamar faranti. Taɓawa ɗaya ta kama. In da adalci a wajen injuna, tasa ce ya kamata ta mutu.

Ilinca ta bayyana, hancinta manne da gilashi. "Kaka Pante, yi bas."

Sai tsohon banza ya kama sitiyarin iska, yana pam-pam da baki, yana kiran sunayen tashoshi daga nan har garin Soroca, yana faɗa da wata mata da ta shigo da agwagwa. Yarinyar ta yi ta dariya har ta ɓace daga hoton. Da ta taso ta hango ni a gefe.

"Kaka Nichifor, me kake yi a gidan Kaka Pante? An kore ka daga naku ne?"

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na zo da hankicin da nake naɗe mata ya zama ɓera, kafin in gama ƙulla kunnuwan ta gudu neman kyanwa. Na mayar da shi aljihu.

Bangon da ke bayan Stela fari ne. Nasu da na sani rawaya ne, da hoton aurensu a rataye. Ban tambaya ba.

Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, sannan ta ce wa ubanta, "Baba, kafin bikin Ista zan kawo Ilinca. Za ta zauna a ƙauye har in daidaita wasu abubuwa."

Kafin in buɗe baki Pantelei ya ce, "Ai har na sayo fenti."

Yarinyar nan sunan gidanmu take amsawa. Ɗakin da ubanta ya tashi a ciki yana nan, taga na kallon bishiyar gyaɗar turawa, ba mai kwana. Amma ba wanda ya tambaye ni komai, ina zaune a ƙarshen benci kamar wanda ya zo karatun mitar lantarki. In aka sauke ta a gidan can, shi ne kaka, ni kuma tsohon da ake kai ta ta gaisar ran biki. Sai na yi magana da Valeriu kafin a gama yanke komai, a kicin ɗina, a kwamfutata.

Talata, 21 ga Janairu, da la'asar

Na haɗiye girman kai na shiga bas zuwa Soroca. Direban ya ƙure na'urar ɗumama mota har na cire kwat, kwamfutar na kan cinyata. A shagon Ghenadie mai gyaran kwamfuta na tarar da layi, na zauna kusa da bututun ɗumi na jima. Ghenadie ya san ni, a wajena ubansa ya koyi riƙe ƙarfen dalma.

Ya buɗe, ya danna. Ta kama. Muka jira ta mutu, ta ƙi mutuwa. Hoton Ilinca ya fito a fuskar, wanda take riƙe da kankana.

"Kawu, wannan ai lafiyarta ƙalau," ya ce.

"A gida mutuwa take."

Ya kunna mata fim, ya kunna waƙa, ya juya ta, ya girgiza ta. Ya auna batir, ya auna zafi. Ya ce ƙila soket ɗin gidana ne. Soket ɗin da ni na ɗaura da hannuna tun yana rarrafe. Sannan ya rage murya ya ce, "Ko dai kana daɗewa a kan maɓallin ne? Wasu dattawan haka suke yi."

Na gode masa. Da na fito na tsaya a bakin titi na zage shi a raina, shi da ubansa.

Duk da haka na dawo da farin ciki. Na shimfiɗa mata tawul ɗinta a babban ɗaki, na ce wa Paraschiva girgizar bas ta gyara abin da ya saki.

Laraba, 22 ga Janairu, da safe

Ta kama, ta mutu.

Alhamis, 23 ga Janairu, da rana

Na gwada soket ɗin firji, na gwada na bayan ƙofa. Na taɓa maɓallin a hankali kamar mai taɓa idon jariri, don kada Ghenadie ya zama mai gaskiya. Ba abin da ya canza. A gaban baƙi tana aiki, a gidan da ake girmama ta tana mutuwa. Na ce wa Paraschiva halin 'ya'yan zamani ne da ita sak.

Saƙo ya shigo wayata daga Valeriu. Ya ce in gyara kwamfutar, akwai magana, ba ta waya ba ce, kuma ba a gidan kowa za a yi ta ba. Na karanta wa Paraschiva. Ta zauna a kan kujerar da ke kusa da ita.

"Kin san wani abu," na ce.

"Abin da ka sani na sani, tsoho. Ni dai ban iya ɓoyewa a bayan batir ba."

Mun ci tuwon masara da cuku.

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi

Pantelei ya zo, ƙanƙara a gashin baki, fenti a hannun riga. Ruwan hoda. Ya zauna a kujerata ba a ce ya zauna ba, ya cinye fanke uku na Paraschiva yana yabon hannunta, ita kuma tana ƙara masa.

"Suruki, ɗan ƙaramin gadon nan da ka yi wa Valeriu yana yaro, yana ɗakin ajiya na sama har yanzu? Ka ba ni aro. Nawa na Stela ƙwari sun gama da shi."

Da itacen gyaɗar turawa na yi gadon nan, ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Na ce ya ruɓe.

"Haba, aikinka ba ya ruɓewa."

"Wannan ya ruɓe."

Ya dube ni, ya dubi Paraschiva, ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce in ina so in ɗauki kwamfutarsa ran Lahadi in kira ɗana, shi zai tafi wajen ƙanwarsa. Na ce na gode, tawa ta kusa tashi. Abin da ya fi ƙona min rai da mutumin nan shi ne ba ya yin abin da za ka kama ka ce ga laifinsa.

Litinin, 27 ga Janairu, da yamma

Na bi ta ƙofar gidan Pantelei zan je shago. Warin fenti har titi. Ya rataya labule mai zanen agwagi.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Na ce yau sai na ga cikinta. Ghenadie ya ce kada in buɗe, to shi ya buɗe nasa. Na share tebur, na jera 'yan notina a murfin kwalba, na ce wa Paraschiva ko gidan zai kama da wuta kada ta nemi teburin nan. Tana dafa wake a babbar tukunya, tagogi sun yi fari da tururi.

Na shiga babban ɗaki na ɗauko ta, sanyinta har cikin ƙashin yatsuna. Ina shigowa kicin tabarauna suka rufe ruf kamar kullum. Na goge su, na kwance bayan kwamfutar, ina shirin zare ɗan katin da suke kira ram in goge in mayar, in duba fanka. Da na ɗaga murfin sai na ga koren allon yana gumi. Ɗigo-ɗigon ruwa ƙanana a kan kowane ƙarfe, ina kallo suna ƙaruwa.

Na zauna ina kallonsu. Sau nawa na ce wa mutanen ƙauyen nan in sun ɗauko talabijin daga sanyi kada su kunna sai ta kwana a ɗaki? Har faɗa na yi da wani a kan haka. Amma waccan talabijin ce ta mutane. Wannan abu mafi daraja ne a gidana, kuma abu mai daraja a babban ɗaki ake ajiye shi, haka uwata ta yi, haka tata ta yi. Ko sau ɗaya ban haɗa biyun a kaina ba. A bas ta sha ɗumi ta bushe, shi ya sa ta kunyata ni a Soroca. Ta Pantelei kuwa ba ta taɓa barin kicin ba, saboda shi bai san darajar komai ba.

Paraschiva ta leƙo ta kafaɗata. "Ruwan da ka hana ni zubawa ne ya shiga da kansa?"

Na ɗauki kwamfutar. Na bar ta a buɗe a saman kabad, nesa da tukunya, inda ɗumi ke kaiwa.

Alhamis, 30 ga Janairu, da rana

Ban taɓa ta ba, tana bushewa. Na hau sama neman kwali, na tarar gadon ba ya nan, sai shatinsa a ƙura. Paraschiva ce ta ba Pantelei, ta ce yarinya ba za ta kwana a ƙasa ba saboda tsofaffi biyu na gasa. Na ce ba gasa nake ba. Ta ce to.

Juma'a, 31 ga Janairu, da safe

Na ɗaure notina, ɗaya ya yi saura ban san inda ya fito ba. Na danna. Ta kama, fanka ta yi fuu, na riƙe numfashi. Ba ta mutu ba. Ilinca da kankanarta suka fito.

Na bar ta a kunne har aka ci abincin rana. Na tura wa Valeriu saƙo cewa ta tashi, Lahadi ina jiransa. Ban faɗa wa kowa a waje ba, ina so in yi maganar da ɗana tukuna, sannan in je shago in sami Pantelei a gaban mutane.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Valeriu ya kira. Bai yi aski ba. A bayansa gado ne mai hawa biyu, da wandunan aiki na wasu maza a rataye.

Na shirya maganata tun jiya: ɗakin, tagar, sunan gidanmu, da cewa shi ne uba, shi zai faɗi inda za a sauke 'yarsa. Na fara, ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "Baba, ba ni da ta cewa a wannan yanzu."

"Kamar yaya ba ka da ta cewa?"

Ya shafa fuska. Ya faɗi wasu abubuwa, ba zan rubuta su ba. Uwarsa ta tashi ta tsaya a gaban murhu ta juya mana baya.

Na ce to ya kira Ilinca mu gan ta. Ya ce ba ta nan. Na ce Lahadi mai zuwa fa. Ya ce ba za ta kasance nan ba. Rabonsa da ita kusan wata guda ke nan.

"Mama ta ce kun gan ta a gidan Baba Pantelei," ya ce. "Yaya take? Tarin ya sake ta?"

Ban ma san ta yi tari ba. Na ce ya sake ta.

"Ka riƙa zuwa, Baba. Ka duba min ita da kyau, ka riƙa faɗa min. Kada ka ce ni na ce."

Wani ya kira shi daga waje, ya ce sai Lahadi. Kwamfutar ta ci gaba da aiki lafiya lau bayan ya tafi, ni ne na kashe ta da hannuna.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da safe

Tana aiki. Ba wanda zan kira.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na yini ina juya abin. Stela ba za ta kira gidan nan ba yanzu, ba don mugunta ba, ta rasa da wane ido za ta dube mu. In na ce kwamfutata ta gyaru, ba ni da dalilin zama a kicin ɗin Pantelei kullum sai in faɗi gaskiya a gabansa, cewa ɗana ya rasa gidansa, ni ma na zo roƙon kallo. Wannan ba za ta fito daga bakina ba.

Na sa hula. Paraschiva ta biyo ni ba ta tambaya ba.

"Suruki," in ji Pantelei, yana share ɓurɓushi daga tebur da gefen hannu. "Yaya, mara lafiyarka ta tashi?"

Paraschiva ta sunkuyar da kai tana kwance gyale.

"Ba ta tashi ba," na ce. "Ina ganin ta fi ƙarfina."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce a rubuta ranar yau, Nichifor ya ce inji ya fi ƙarfinsa, gobe sai ya faɗa a shago. Na san kuwa zai faɗa, kafin azahar har ƙauyen gaba sun ji. Da ya gama dariyar ya sauko da tasa daga kan firji, yana goge fuskarta da hannun riga, ya ce, "To ka riƙa zuwa. Ƙarfe shida take kira." Bai dube ni ba da ya faɗi haka. Ya jawo kujera ya ajiye kusa da tasa, ba ƙarshen benci ba.

Ilinca ta fito cikin jar rigar sanyi, da ɗan ƙurji a haɓa. Ta yi tari sau ɗaya, busasshe. Na riƙe duka a kaina saboda Lahadi. Ta ce min sannu Kaka, sannan ta juya ta ce a yi bas, Pantelei ya kama sitiyarinsa, ta yi dariyar nan da ba ta taɓa yi min ba.

Kishi ya cika ni har wuya. Gobe ƙarfe shida zan koma.